Amsa ga 'yar'uwar da ƙullutun ɗanta ya dawo

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce an cire masa sankara a cinya bara, yanzu ga wani ƙullutu ya taso a gefen ɗinkin, kina tambaya ko sake yin aiki zai yi amfani ko wahalar da yaro ce kawai. Na yi jinyar ɗan yayata da irin wannan ciwo, daga nan Damagaram har Yamai.

Aikin yana amfani sosai, amma kada ki bari a yi shi da gaggawa. Wannan sankarar tsoka, wadda likitoci ke cewa rabdomiyosarkoma idan ita ce, ta fi dawowa a shekaru biyu zuwa uku na farko, sau da yawa a gurbinta na da, saboda 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani sun rage a gefe. Shi ya sa a karo na biyu likita ba ƙullutun kaɗai yake cirewa ba, yana haɗawa da tsohon tabon da lafiyayyen naman da ke kewaye. Kafin wuƙa ta taɓa shi, sai an ɗauki hoton cinyar don a ga kusancinsa da jijiya da ƙashi, a yi sikana, wato hoton cikin jiki, na ƙirji domin ciwon ya fi bazuwa zuwa huhu, a kuma ɗebi ɗan nama a gwada. Wani lokaci shimiyo, wato maganin sankara da ake ɗurawa, ake fara ba yaro, ƙullutun ya motse, sannan a yanka. Idan aka ce miki haka, ba jan ƙafa ba ne.

Takardun aikin farko, musamman sakamakon gwajin naman da sunayen magungunan da aka ɗura masa, ki riƙe su kamar zinariya. Mu da muka je, su aka fara tambaya, don da su ake zaɓen maganin da za a canja.

Ina roƙonki don Allah, kada a kai shi wurin wanzami a yi masa sakiya ko tsaga. Na san dangi za su matsa, mu ma sun matsa mana. Ba maruru ba ne, buɗe shi yana watsa ciwon cikin nama, sai aikin likita ya ƙara faɗi. Addu'a da tofi kuwa, ki yawaita.

Ki fara da babban asibitin Zinder, su rubuta miki takardar turawa. Tun 2021 akwai na'urar gashi, wato mai ƙona ƙwayoyin ciwon da haske, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, kuma idan ba a gasa wurin a karon farko ba, mai yiwuwa yanzu a buƙata. Tafiyar ta kusa kilomita 900, gashin kuma makonni yake ɗauka, don haka ku nemi masauki da wanda zai karɓe ki tun yanzu.

Bayan aiki ki tambayi likita kai tsaye: gefen naman da aka cire ya fita tsaf, ko akwai saura? Amsar nan ce za ta nuna maganin da zai biyo baya.