Tambayoyinku Kan Mota: Tsofaffin Kat-Kat da Motocin Gudu a Zafin Maradi

Wasiƙun da suka zo mana a wannan watan galibinsu a kan tsofaffin kat-kat ne, wato motoci masu ja da taya huɗu, sai guda biyu daga matasa masu sha'awar motocin gudu. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshi su samu wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 80 mai shan gazuwal, ƙirar 1994. A cikin gari ba ta da matsala, amma in na ɗauki hanyar Dakoro da rana, da lodi, allurar zafi sai ta yi ta hawa. An ce mini in cire tamostat in huta. Ko in cire? (Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Sabon Gari)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka cire. Injin motarka, in ba mai turbo ba ce, 1HZ ne, silinda 6, lita 4.2. Inji ne mai haƙuri ƙwarai, amma abu ɗaya ne ba ya yafewa, shi ne tafasa. Kan injin, wanda makanikai ke ce wa kulas, yana da ƙananan ɗakunan ƙona mai a cikinsa, kuma a nan yake tsagewa idan zafi ya yi masa yawa.

Tamostat ba toshe ruwa kawai yake yi ba. A irin waɗannan injuna yana da wani faifai a gindinsa, wanda idan inji ya ɗau zafi yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji, ya tilasta masa bi ta lagireto. In an cire shi, wannan gajeriyar hanya tana nan a buɗe kullum, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai huce ba. Ka ga an gudu ba a tsira ba. In kana shakkar wanda ke ciki, a cire shi a jefa cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Ya kamata ya buɗe tun kafin ruwan ya tafasa, kuma zafin da yake buɗewa a rubuce yake a jikinsa. In bai buɗe ba, a sa sabo.

Abin da muka fi zargi a motarka fanka ce. Fankar 1HZ ba ta haɗe da inji kai tsaye, akwai wata cibiya mai man silikon a tsakani, wadda ke kamawa idan iskar da ta ratso lagireto ta yi zafi. Shekaru talatin sun isa man ya tsiyaye. Ga gwaji: inji a kashe bayan doguwar tafiya, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakayau kamar ta wasan yara, cibiyar ta mutu. Mai lafiya tana da nauyi a hannu, kuma idan mota ta ɗau zafi za ka ji fanka na ruri. Ana iya buɗe ta a zuba sabon man silikon, ko a sauya ta gaba ɗaya.

Daga nan sai lagireto. Ka leƙa tsakaninsa da na na'urar sanyi da ke gabansa. Ƙaiƙayi, ƙarangiya, fara da ƙurar hunturu suna taruwa a wurin har su zama kamar tabarma, daga waje kuwa ba a gani. A wanke da ruwa daga bayansa zuwa gaba, ba da ƙarfi sosai ba don kada haƙoransa su lanƙwashe. Cikinsa kuma, in shekara da shekaru ruwan rijiya ko na famfo ake zuba masa, tsatsa da gishirin ruwa sun toshe wasu bututun. Bayan tafiya, inji a kashe, ka shafa fuskarsa a hankali: duk inda ka ji sanyi alhali gefensa da zafi, ruwa ba ya bi ta nan. Sai a kwance shi a tsefe. A zuba ruwan lagireto na gaske, rabi da rabi da ruwan da aka tace irin wanda ba shi da gishiri, kuma motar tana ɗaukar fiye da lita 10. Marfin ma a duba shi. Na wannan inji mai matsin kilo 0.9 ne, kuma matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa da wuri. Marfi mai tsagaggiyar roba ya kashe injuna da yawa, alhali yana cikin abubuwa mafi arha a mota.

Kafin duk wannan, da safe inji na sanyi, ka buɗe marfin ka tayar da mota. In ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri kamar itace cikin minti biyu, to iskar silinda ta fara shiga ruwa. Wannan aikin kulas ne. Ka sani cewa gaskit ɗin 1HZ kauri-kauri ne, ana zaɓensa ne bayan an auna yadda fistan ya ɗago, kuma ana ɗaure kusoshin bi da bi da ma'aunin ɗauri. Makaniken da ya ce hannunsa ne ma'auni, ka nemi wani.

Tambaya: Pajero biyu aka kawo mini daga Kwatano, ɗaya 2.5 ɗaya 2.8, duka gazuwal, duka na shekarun 1990. Wacce zan ɗauka? (Daga wani malamin makaranta, Tasawa)

Amsa: Malam, in lafiyarsu ɗaya, ɗauki 2.8. Pajero mota ce mai tarihi, ta lashe tseren Dakar sau 12, kuma manya da yawa a ƙasar nan suna tuna lokacin da tseren ke ratsa Agadas da Tenere. Amma waɗanda ke gabanka sun ci shekaru, don haka injin za ka duba, ba suna ba.

Ta 2.5 injinta 4D56 ne, kuma bel biyu gare shi a gaba: babban da ke juya kamshaf, da wani ƙarami na sandunan da ke rage girgiza. Mutane kan sauya babban su bar ƙaramin. Ranar da ƙaramin ya tsinke, sai ya cusa kansa ƙarƙashin babban, ya sa shi tsallake haƙora, fistan ya doki bawul. A sauya su tare, da ƙafafun da ke ɗame su, kuma kada ka yarda da abin da mita ta nuna a motar da ta zo daga tashar jiragen ruwa. Ranar da ka saya, ranar za a sauya.

Ta 2.8 injinta 4M40 ne, sarƙa gare shi ba bel ba, kuma ya fi jan lodi. Nasa ciwon shi ne robar gaban famfon gazuwal. Idan ta saki, gazuwal na zuba cikin baƙin mai. Alamominsa: mai yana ƙaruwa a jikin sandar awo maimakon ya ragu, ya yi ruwa-ruwa, yana warin gazuwal, ko mota ta tashi da safe ta mutu bayan ɗan lokaci. Ka zaro sandar ka shinshina kafin a fara ciniki. Shi ma ba ya son tafasa, don haka gwajin kumfa da muka faɗa wa Alhaji a sama ya shafe ka.

Tambaya: Wani ruwan giris baƙi yana zuba ta bayan tayar gaba a Land Cruiser 75 ɗina. Birki ne? (Daga wani direba, tashar Mayahi)

Amsa: Ba birki ba ne, amma zai kai ga birkin in ka bar shi. A ƙarshen gatarin gaba akwai wata ƙwarya mai kamar ƙwallo, cikinta mahaɗar da ke juya taya, cike da giris. Wata roba ce ta raba wannan giris da man gada. Ta cinye, man gada ya shigo ya narkar da giris ɗin, ga shi yana zuba. A kwance ɓangarorin biyu, a sauya robobin ciki da na waje, a duba ƙananan boris na sama da na ƙasa da sitiyari ke juyawa a kansu, a cika da giris mai launin toka irin na wannan mahaɗa, kamar kashi uku cikin huɗu na ƙwaryar. A zubar da man gada a sa sabon 80W-90. A busa ɗan bututun numfashin gadar, don in ya toshe da laka, matsi ne zai sake fasa sabuwar robar.

Tun da damina na tafe, ga ƙari. Duk ranar da ka ratsa gulbi ruwa ya kai cibiyar taya, washegari ka kwance kusar man gada gaba da baya. In man ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a juye shi nan take. In kuma mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada ka murza makulli. A jawo ta waje, a cire bujin ɗumama silinda, a juya inji ruwan ya fita. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe.

Tambaya: Zan iya barin kat-kat a kunne a kan kwalta? (Daga wata 'yar'uwa, unguwar Zariya)

Amsa: Hajiya, ya danganta da motar. Land Cruiser 70, Hilux da Patrol na da, a'a: gaba da baya a kulle suke tare, a kwalta babu inda taya za ta zame, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har wani abu ya karye. Pajero mai tsarin giya na Super Select tana iya tafiya a kwalta a 4H, inda gaba da baya ba a kulle suke ba, amma ban da 4HLc, wanda ke kulle su tare. A rairayi kuwa, rage iskar taya zuwa kilo ɗaya da rabi ya fi kowace giya amfani, da sharaɗin a mayar da iskar kafin a hau kwalta da gudu.

Tambaya: Ni matashi ne, ina son BMW 325 mai ƙofa biyu, ƙirar 2002. Abokaina sun ce ba motar Maradi ba ce. Gaskiya ne? (Daga wani ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka ba su yi ƙarya ba, amma ba su faɗi duka ba. Wannan ita ce ake kira E46, injinta M54, silinda 6 a jere, kuma mota ce mai daɗin tuƙi da ta cancanci a so ta. A hanyar Yamai ko ta Damagaram za ta faranta maka rai. Matsalarta uku ce a nan, kuma gara ka san su kafin ka biya kuɗi.

Ta farko kayan sanyaya inji. Tankin ruwa, gidan tamostat, wuyan lagireto, duk roba ce, wadda shekaru ashirin suka gasa. Ba ta yin gargaɗi, fashewa take yi. Injin kuwa na alminiyam ne. In ya tafasa sau ɗaya sosai, kulas na karkacewa, wani lokaci ma zaren kusoshin ya tsige daga jikin injin, gyara ya fi ƙarfin kuɗin motar. Don haka ka ware kuɗin sabon tanki da marfinsa, famfon ruwa, tamostat da tiyo biyu manya, a sa su tun makon farko. Wajen zuba ruwa, akwai wata 'yar kusa ta roba kusa da tankin da ake sassautawa iska ta fita, makulli a kunne, na'urar ɗumama ciki a ƙure. In ba a fitar da iskar ba, sabbin kayan ma ba za su hana tafasa ba. Idan allura ta wuce tsakiya, ka tsaya a inda kake ka kashe, ko da saura kilomita ɗaya ka isa gida.

Ta biyu ƙasa. Motar a kwance take, kaskon mai na alminiyam ne, ba ya lotsewa, fashewa yake yi. Tudun rage gudu na cikin gari a hau shi a karkace, a hankali, lungunan da rairayi ya cika kuwa a bar wa babur. Kada ka bi 'yan ado ka sa kangare mai inci 18 da siririyar taya. Inci 16 ya shiga 325, kuma tayarsa na da naman da zai sha ramuka. Mai 330 ne dole sai 17 saboda girman birkinta. Robobin hannun gaba suna saurin mutuwa a hanya mai gargada, alamarsu ita ce sitiyari ya yi tsalle idan ka taka birki a hankali.

Ta uku mai. Injin yana ɗaukar lita 6.5 na baƙin mai, kuma 5W-40 na kirki yake so, ba mai kauri irin na tsohuwar tasi ba, don akwai na'urar da ke sarrafa bawul da matsin mai. A ƙurar nan kada ka wuce kilomita 7,000 ba ka yi bidanji ba, wato juyen baƙin mai. Fetur kuma ka saya a gidan mai. Na kwalba a bakin titi ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, ga ƙasa da ruwa da ke kashe famfon cikin tanki.

Tambaya: An yi mini tayin Mazda RX-8 da arha sosai. Me kuka gani? (Daga wani mai karatu, Tibiri)

Amsa: Ka bar ta, Malam. Injinta ba shi da fistan, wasu ƙarafa ne masu kusurwa uku ke juyawa a ciki. Da gangan yake shan baƙin mai, yana shaƙewa da fetur in aka kashe shi bai ɗumama ba, kuma gwada ƙarfinsa sai da na'ura ta musamman. In har zuciyarka ta nace, ka tuƙa ta minti ashirin, ka kashe, ka sake tayarwa nan take. In ta yi jinkirin tashi da zafi, injin ya gama aiki, kuma shi ya sa take da arha.

Tambaya: Bayan kilomita nawa zan riƙa bidanji a tsohuwar Patrol mai gazuwal, kuma hura matatar iska da kwamfaresa ya isa? (Daga wani manomi, Madarumfa)

Amsa: In TD42 ce, ka yi dace, don ba ta da bel ko sarƙa, haƙoran ƙarfe ne ke juya kamshaf. Mai 15W-40 na gazuwal, kowane kilomita 5,000, tare da sabuwar matatar mai, kada a bar tsohuwa. Matatar gazuwal tana da 'yar kusa a gindi ta zubar da ruwa, a buɗe ta duk lokacin bidanji har sai gazuwal tsantsa ya fito.

Hura matatar iska yana yi, amma daga ciki zuwa waje, da iska marar ƙarfi, kuma ba fiye da sau biyu ko uku ba kafin a sauya. Bayan an hura, ka sa tocila a cikinta a wuri mai duhu. In haske ya fito ta wani ɗan rami, a jefar da ita. Sannan ka sa yatsa cikin bututun da ya tashi daga matatar zuwa inji. Ya kamata yatsan ya fito tas. In ka ga jar ƙura a kansa, to ko matatar ta huje, ko robar bakinta ba ta zauna ba, ko bututun ya tsage a wata lanƙwasa, kuma kada motar ta koma gona sai an gano wanne ne.