Amsoshin tambayoyinku: ƙaramin jari da jerin faɗuwa a gasar Poker ta intanet

Wasiƙu biyu daga cikin na makon nan a kan wasan karta na Poker suke. Kafin in amsa, ga matsayata a fili: Poker da kuɗi caca ce, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya ta ce a nisance su. Zan amsa ne domin lissafin wasan yana warkar da ruɗin da ke cinye aljihun matasanmu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Manchester: "Yaya, na shiga gasa 20 a jere, dala 11 kowace, ban ci ko sisi ba. Jiya na tura duk jarina (kwandalolin wasa da ke gabana a gasar) da katin A guda biyu, wani mai 7 biyu ya amsa, ya kuma cinye ni. Shin in sayi manhajar ICMIZER, ko in biya kuɗin darasi wajen ƙwararre?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ya same ka jiya ba kuskurenka ba ne, ba kuma maguɗi ba ne. A biyu, wato hannu mafi ƙarfi da ake fara wasa da shi, suna doke 7 biyu kusan sau 80 cikin 100 ne kawai. Sau ɗaya cikin biyar mai 7 zai samu na uku a kan tebur, ka tashi hannu rabbana. Ɗauka ma ka yi sa'ar samun A biyu sau uku a gasa guda, kana tura komai ana amsa maka: damar ka tsallake ukun duka kashi 51 ne cikin 100, wato kamar ka jefa kwabo sama. Ga shi A biyun ba sa zuwa hannun mutum sai sau ɗaya cikin rabo 221.

Sai batun gasa 20. Yawancin manyan gasanni kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan wasa suke biya, kuma kaso mafi tsoka yana tebur na ƙarshe. Da wannan ma'auni, matsakaicin ɗan wasa zai iya faɗuwa gasa 10 a jere kusan sau ɗaya cikin biyar. Shi ya sa waɗanda suka mai da abin sana'a suke ware kuɗin shiga gasa 100 ko fiye kafin su zauna. A naka matakin dala 1,100 ke nan. Ɗalibi ne kai, kana da dala 1,100 da za ta salwanta ba ka ji a jikinka ba? Kar ka manta kamfanin yana yankar kamashonsa daga kuɗin shigar kowa, ka ci ko ka faɗi.

ICMIZER manhaja ce ta gaske, tana nuna maka hannun da ya dace a tura komai da shi idan jari ya yi ƙasa. Amma ba ta sauya katin da zai faɗo. Na san labarin da ke jan ku shi ne na Chris Moneymaker, akantan nan na jihar Tennessee da ya samu gurbin shiga babbar gasar Poker ta shafin intanet na PokerStars, ya je Las Vegas a 2003 ya lashe dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka zauna a waccan gasa, kuma yawancinsu ba su koma gida da komai ba.

Idan dabarar wasan ce ke burge ka, PokerStars ɗin ma yana da tebura na kuɗin wasa, inda ba a sa ko kwabo. Idan kuwa ka ga kana buɗe sabuwar gasa da ƙarfe biyun dare don ka rama, to ka yi rajista da GamStop. Kyauta ne, kuma zai toshe ka daga shafukan caca masu lasisin Birtaniya na wata 6, ko shekara 1, ko shekara 5.

Tambaya ta biyu daga wani direba a Hamburg: "Malam, ni da kuɗin wasa nake bugawa. Matsalata idan jarina ya ragu sai in yi ta ajiye kati ina jiran mai kyau, har in ƙare ban buga komai ba. Yaya ake yi?"

Ɗan'uwa, jiran ne yake kashe ka. Ba a auna jari da yawan kwandalolin da ke gabanka, ana auna shi ne da babban zubin dole, wato abin da wajibi ne mutum ya ajiye idan layi ya zagayo kansa. A ce kana da 8,000, babban zubi 1,000, ƙarami 500, ga kuma ɗan kuɗin tebur da ya kai wani 1,000. Kowane zagaye 2,500 ke fita daga jarinka ko ba ka taɓa kati ba. Zagaye uku, ka ƙare.

Saboda haka da zarar ka sauko ƙasa da ninki 10 na babban zubi, zaɓi biyu ya rage: ka tura komai, ko ka ajiye. Babu ɗan ƙari, babu "bari in leƙa katin farko". Idan ka tura 8,000 kowa ya janye, ka kwashe 2,500 ba tare da an buɗe kati ba, jarinka ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. In ka bari ya koma 2,000, ba wanda zai ji tsoronka, kowa zai amsa.

Wurin zama ma yana da tasiri. Idan mutum bakwai na bayanka ba su yi magana ba, sai da hannu mai ƙarfi. Idan saura biyu kuma duk na gabanka sun ajiye, A da kowane kati, ko kowane kati biyu masu lamba ɗaya, sun isa. Amsa turin wani kuwa yana buƙatar hannu mafi ƙarfi fiye da turawa da kanka, domin a nan ba ka da damar kowa ya gudu ya bar maka tebur.