Yaya, ga abin da ya riƙe cinikin gidan ƙaninmu a nan Amurka

Yaya naga saƙonka, kace wai wane irin ciniki ne mai gida ya sallama, mai saye ya amince, amma ana zaune ana jiran wani baƙo ya zo ya yi wa gidan kuɗi, har ka ƙara da cewa zaman Amurka ya sa mun manta yadda ake bi da mutane. Wannan maganar ta ƙarshe ta ɗan sosa min rai gaskiya, shi yasa nace bari in zauna in rubuta maka.

Anan yawancin mutane da kuɗin banki suke sayen gida, kuma banki baya sakin kuɗi sai mai ƙiyasi mai lasisin jiha ya duba gidan ya rubuta nawa ya kai. Ba da ka yake yi ba, sai ya nemo aƙalla gidaje 3 makamantansa da aka sayar a kusa, galibi cikin shekara ɗaya, ya gwada girma da yawan ɗakuna da shekarun gini. In lissafinsa ya faɗo ƙasa da abin da aka sallama to banki da nasa lissafin zai yi aiki, ragowar ko ka cika daga aljihu ko a sake ciniki. Sati ɗaya ko biyu aikin kan ɗauka, in kasuwa ta yi zafi ya wuce haka.

Shawararka ta a nemi mutumin a ɗan ba shi na goro ya hanzarta, dan Allah kar ma ka faɗa wa yaron nan haka. Bayan rikicin bashin gidaje na 2008 an gano yadda ake matsa wa masu ƙiyasi suna kumbura farashi, sai dokar Dodd-Frank ta 2010 ta hana kowa matsa musu, yanzu ko ma'aikacin bankin da ke riƙe da takardunka ba shi ke zaɓar mutumin ba, yawanci wani kamfani ne a tsakiya yake turo shi. Saurin da ke hannunmu shiri ne kawai. Ranar da aka sa hannu a yarjejeniya kace wa banki su nemi mai ƙiyasi a ranar, ka biya kuɗinsa nan take, duk lokacin da ya bayar a karɓa, a tabbata akwai wuta da ruwa da gas a gidan kuma ba ƙofar da ke kulle har ta saman silin, dan in ya tarar da ɗaki ɗaya a rufe sai ya sake dawowa, wani jiran kenan da wani kuɗin. In bashin FHA ne, wato wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, kuma gidan an gina shi kafin 1978, fentin da ke ɓarewa kaɗai ya isa ya tsayar da komai saboda gubar dalma da ake samu a tsohon fenti, gara a gyara tun kafin ya zo. Nace wa ƙanin namu ma ya tambaya ko Fannie Mae ko Freddie Mac, kamfanonin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, zasu yafe ƙiyasin gaba ɗaya, suna yin haka wa wasu, kuma tun 2022 sun amince a wasu gidajen mai ƙiyasi ya yi aikin daga ofis ba sai ya taka ba.

Inda mutanenmu suka fi makalewa shine ɗakin ƙasa. Mu da kake cewa mun zama Turawa, kusan duk gidan Bahaushe a nan zaka samu an gyara ƙarƙashin gida an sa gado da banɗaki saboda baƙi, ɗalibi ya sauka, mai jinya ya sauka, surukai su zo su yi watanni. To da yawa ba sa neman izinin hukuma kafin su yi aikin, ranar sayarwa ko sabunta bashi sai mai ƙiyasi ya tambayi takarda babu. Yanzu duk wanda ya zo neman shawara abin da muke fara ce masa kenan, ka ajiye izini da rasit na duk gyaran da kayi, rufi ne ko injin ɗumama gida, ka rubuta da shekarun ka miƙa wa mai ƙiyasi da hannunka.

Sai maganar cewa namiji baƙo yana shiga har uwar ɗaka yana ɗaukar hoto. Eh yana shiga, aikinsa ne. Amma gidanmu har yau gidan ba shiga ne, matan kan fita zuwa maƙwabta ko su sa hijabi su zauna falo, mai gida ya zagaya da shi, takalmi kuwa a bakin ƙofa yake barinsa ko ya sa masa leda.

Nasan abin da ke ƙasan maganarka auren da nayi ne. To maman yara, baƙar fatar Amurka da har yau wasu a gida suke kira baturiya duk da ta musulunta tun kafin mu haɗu, ita ta fara faɗa min cewa danginta kan sauke hotunan iyali daga bango kafin mai ƙiyasi ya zo. A 2021 labarin wasu ma'aurata baƙaƙe a California ya fito, da suka cire hotunansu wata ƙawarsu farar fata ta tsaya a matsayin mai gida sai ƙimar ta ƙaru da kusan dala dubu 500. Shi yasa wasunmu ke naɗe darduma su ɓoye, ni bana ganin laifinsu. Lokacin da aka duba namu maman yara ce tace allon Baba da ke falo ba inda za shi, allon da yake biya mana karatu da asuba, tace in ƙimar ta zo ba daidai ba akwai hanyar neman a sake dubawa, mu kawo gidajen da ya tsallake.

Riba kuma da Hajiya take ta damuwa, ka kwantar mata da hankali, ta Guidance Residential yaron ya bi, kamfanin da ke saya wa mutane gida bisa tsarin Musulunci, tsarin musharaka ne wato haɗin mallaka, su ma dai sai an yi ƙiyasin. Doka tace a ba shi kwafin rahoton aƙalla kwana 3 na aiki kafin ranar kammala ciniki, da ya iso zan kira ka.