Amsa kan zaman karatun labaran Amurka da Kanada

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce ku kusan goma ne kuke son kafa zaman karatu na wata-wata a kan ƙagaggun labaran Amurka da Kanada, wasunku na gida wasu na waje, kuma kina tambaya yadda za ku riƙa zaɓen littafi da yadda za ku hana mutane janye jiki bayan zama biyu ko uku. Na jima ina halartar irin wannan zama a laburaren unguwarmu a nan Kanada, kuma abin da na gani shi ne tambayoyinki biyu tushensu ɗaya ne. Da wuya mutum ya bar zaman don rashin lokaci kawai. Galibi littafin da aka ɗora masa ne ya fi ƙarfin watansa, ko kuma ya karanta ya zo ya tarar babu abin da za a yi muhawara a kai.

Idan kuka bar zaɓi ga ƙuri'a kowane wata, Amurka za ta haɗiye Kanada ba tare da kowa ya nufa ba. Al'ummar Amurka ta ninka ta Kanada kusan sau takwas, manyan kamfanonin ɗab'i suna New York, kuma littattafansu ne ake yawan mayarwa fim, don haka sunayensu ne za su fara zuwa bakin kowa. Ku tsayar da doka tun ranar farko cewa wata ɗaya na wannan ƙasa ne, mai bi masa na waccan. Neman na Amurka ba wuya, jerin waɗanda suka ci kyautar Pulitzer ya ishe ku shekaru. Na Kanada kuwa ku duba jerin kyautar Giller, wadda aka fara bayarwa a 1994, da kuma shirin Canada Reads da gidan rediyo da talabijin na CBC yake yi tun 2002, inda mutum biyar kowanne yake kare littafi ɗaya, ana cire ɗaya bayan ɗaya har a bar zakara. Littafin da ya jure wa wannan jayayya a bainar jama'a ba zai bar zamanku ya yi tsit ba.

Abin da ya fi karɓa-karɓar amfani shi ne ku sa littafin wannan wata ya amsa wa na watan jiya. Zaman da na fi ƙaruwa da shi ya zo ne ta wannan hanya. Mun karanta Beloved na Toni Morrison, wanda ya fito a 1987, wanda kuma ta gina a kan labarin gaskiya na Margaret Garner, baiwar da ta gudu daga Kentucky ta ƙetara kogin Ohio a 1856, da masu kamu suka cim mata ta kashe ɗiyarta don kada a mayar da ita bauta. Dokar kama gudaddun bayi ta 1850 ta sa jihohin arewa ma sun daina zama mafaka, shi ya sa dubbai suka zarce Kanada, inda bauta ta ƙare a ƙarƙashin dokar Birtaniya tun 1834. Mun tashi daga wannan zama mutanen Kanada da ke cikinmu suna jin ƙasarsu ta fita kunya.

Wata mai bi masa muka ɗauki The Book of Negroes na Lawrence Hill, ɗan Kanada, wanda ya fito a 2007. Sunan na wani kundi ne na gaske da sojojin Birtaniya suka rubuta a 1783, mai ɗauke da sunayen baƙaƙen fata kimanin 3,000 da suka goyi bayan Birtaniya a yaƙin 'yancin Amurka, aka kwashe su daga New York, akasarinsu zuwa Nova Scotia da ke gabashin Kanada ta yau. An yi musu alkawarin filayen noma, da yawa ba su samu ba, a 1784 aka far musu a garin Shelburne, a 1792 kusan 1,200 suka shiga jirgin ruwa zuwa Saliyo suka kafa Freetown. Wata dattijuwa a cikinmu ta ajiye tabaranta a kan tebur ta ce ita tsohuwar malamar makaranta ce, amma ɓangaren mafaka kaɗai ta taɓa koyar da yara. Daga nan muhawara ta kaure, har mai kula da laburaren ya zo ya ce lokacin rufewa ya yi. Ku kuma kuna da wata ƙofar shiga littafin da su ba su da ita, domin jarumar, Aminata, Musulma ce da aka kama tana yarinya a yankin Segu na ƙasar Mali ta yau. Wurin da take ƙoƙarin riƙe 'yan kalmomin addinin da mahaifinta ya koya mata, abokan karatuna sun wuce shi da sauri, ni kuwa sai da na rufe littafin na ɗan zauna.

Haka za ku iya haɗa Indian Horse na Richard Wagamese, na 2012, da The Night Watchman na Louise Erdrich, wanda ya ci Pulitzer a 2021. Marubutan biyu 'yan asalin ƙasa ne daga al'ummar Ojibwe, wadda iyakar Amurka da Kanada ta raba biyu. Na farkon yana kan makarantun kwana da aka tura yaran 'yan asalin Kanada kimanin 150,000 don a raba su da harshensu da iyayensu, na biyun kuma kan yunƙurin majalisar Amurka na 1953 na soke matsayin ƙabilu.

Amma kada ku fara da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Beloved yana kai da komo tsakanin jiya da yau ba tare da sanarwa ba, kuma sabon mai karatu yakan ajiye shi tun a farko. Na Hill ya kusa shafi 500, sai an sanar da shi wata biyu kafin lokacinsa. Ku buɗe da gajere wanda kowa zai gama, kamar The Old Man and the Sea na Hemingway, na 1952, wanda ake karantawa a yamma biyu. A ɓangaren Kanada ku ɗauki labari biyu ko uku na Alice Munro, wadda ta ci Nobel a 2013 da gajerun labarai kan ƙananan garuruwan Ontario. Ba ta yanke wa mutanen labarinta hukunci, shi ya sa mutum goma za su karanta shafi talatin su zo da ra'ayi goma. Irin wannan ne kuma ya dace da watan azumi, maimakon a soke zaman, domin zaman da aka soke sau ɗaya yana da wuyar tashi.

Game da zaman kansa, ku tsayar da rana ɗaya da ba ta motsi, misali Asabar ta ƙarshen wata, da sa'ar da na Kano da na Toronto duk suke ido biyu. Jagoranci ya riƙa zagayawa. Jagora ya zo da tambaya uku, kuma kada cikinsu a sami "Ya kuka ga littafin?", domin amsarta ba ta wuce "Ya yi daɗi". A tambayi abin da za a iya saɓawa a kai, kamar ko mahaifiyar da ke cikin Beloved tana da wata mafita. Kowa ya zo da sakin layi ɗaya da lambar shafinsa, ya karanta a bayyane. Wannan kaɗai yana buɗe bakin masu kawaici, yana kuma taka wa mai yawan magana birki, tunda dole ya nuna inda ya samo abin da yake faɗa. Wanda bai gama ba ya zo, amma ba za a ɓoye ƙarshen labari dominsa ba. Ku yi muhawarar da Hausa idan ita ta fi sakin harshenku, ko da karatun da Turanci ne.

Akwai abin da bai kamata a yi nauyin baki a kansa ba. Yawancin littattafan zamani na ƙasashen nan suna da wuraren da ke bayyana tsiraici ko fyaɗe ko ashar, kuma ire-irensu suna cikin Beloved da Indian Horse. Wanda ya kawo littafi ya riga kowa karanta shi, ya faɗa tun wuri, don kada a jefa wani cikin jin kunya a gaban wanda yake girmamawa.

Samun littafi shi ne zai fi wahalar da na gida. Na waje su tambayi laburaren garinsu, domin da yawa suna ba da aron kwafi masu yawa na littafi ɗaya musamman don ƙungiyoyin karatu. Na gida kuwa ku riƙa sa tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, waɗanda ake samu kyauta ta halal a shafin intanet na Project Gutenberg, kamar The Great Gatsby na 1925 ko Anne of Green Gables na 1908, sauran kuma ku sanar da jerin wata shida gaba ɗaya don mai tahowa gida ya riƙo. Idan akwai 'yan Nijar a cikinku, ku ba Quebec, lardin Kanada mai magana da Faransanci, wata guda. Bonheur d'occasion na Gabrielle Roy, na 1945, kan talakawan wata unguwa a Montreal, an fassara shi zuwa Turanci da sunan The Tin Flute, sai su karanta da Faransanci, ku ku karanta fassarar, a ranar zama ku gwada shafi da shafi.