Kiwon Karnuka a Gidan da Ake Rainon Yaro Mai Damuwa: Kun Tambaya, Mun Amsa

Wasiƙu huɗu na wannan wata sun faɗo kan abu ɗaya, wato kiwon karnuka don sayar da 'yan kwikwiyo, uku daga ciki kuma daga gidajen da akwai yaron da hankalinsa bai kwanta ba. Likitan dabbobi da likitar ƙwaƙwalwar yara da ke duba wasiƙun wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Ina da karya Alseshan, ina so in fara kai ta barbara ina sayar da 'ya'yan. Ina riƙon ɗan ƙanina mai shekara 9, wanda aka kashe mahaifinsa a gabansa. Yana firgita da dare, yana da saurin fushi, wani lokaci har ya farfasa kaya. An ce mini mu'amala da dabba tana kwantar wa irin waɗannan yara hankali. Shin in fara? Daga wani magidanci a Kaduna.

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri kan riƙon maraya. Shawararmu ita ce ka dakata da maganar barbara tukuna.

Abin da aka gaya maka yana da ƙamshin gaskiya, amma ana maganar kare ɗaya ne, babba, mai sanyin hali, wanda yaro zai saba da shi shekara da shekaru. Kiwo don sayarwa wani abu ne daban. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, kuma irin taka takan haifi shida zuwa goma. Makonni uku na farko bayan haihuwa, karyar da ka sani da haƙuri tana iya komawa mai tsananin kishin 'ya'yanta, ta kai cizo ga hannun da ta saba lasa. 'Ya'yan kuwa ana haifarsu ido a rufe, sai kwana 10 zuwa 14 suke buɗewa. Ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, ba sa iya guduwa. Matsa ɗaya a ƙirji ko faɗuwa daga hannun yaro ya isa ya kashe ɗaya. Yaron da fushi ke kwace masa na minti biyu ba sai yana da mugun nufi ba kafin a yi ɓarna, kuma idan aka yi, shi ne zai kwana da nauyin abin a ransa.

Ko ba hannun kowa, mutuwar kwikwiyo ɗaya ko biyu a haihuwa guda ba baƙon abu ba ne. Wani a haife shi ba rai, wani uwar ta danne shi, wani ya kasa kama nono. Babba ya san haka kiwo ya gada. Yaron da ya ga mutuwar mahaifinsa ba haka zai ɗauka ba.

Sai kuma abin da masu kiwo ba su cika tunawa ba, kuma a wurinmu shi ya fi nauyi: ranar sayarwa. A mako na takwas masu saye za su fara sallama. Yaron ya riga ya zaɓi nasa, ya raɗa masa suna, yana ɓoye masa loma. Sai baƙo ya zo ya ƙirga kuɗi ya sa shi a kwali. Karya tana neman barbara kusan duk wata shida, don haka wannan rabuwa za ta riƙa maimaituwa. Yaron da aka ɗauko daga wani gida yana iya karanta abin da wata fassara: a gidan nan, abin da ake so ma ana iya miƙa shi ga wani. Yara da yawa ba za su furta ba, sai dai ka ga fitsarin kwance ya dawo, ko faɗa ya ƙaru a makaranta.

Akwai kuma haƙƙin wanda zai saya. Daga mako na 3 zuwa na 12 ne kwikwiyo ke koyon ko mutum abin yarda ne ko abin tsoro. Wanda ya tashi cikin ihu da jifa da fizga yakan girma matsoraci, kuma kare matsoraci shi ya fi saurin cizo. Shekara ɗaya bayan nan yana da kilo 30 a gidan wasu masu ƙananan yara, su kuwa ba su san tarihinsa ba.

Idan kana son yaron ya amfana da karyar, ka kai ta likita a cire mata mahaifa, a sabunta mata allurar haukan kare duk shekara, ka ba shi ƙaramin aiki mai lokaci: canza ruwan sha da safe, taje gashi da yamma, kana tsaye. Shi kuma ka kai shi a duba shi. Firgitar dare da fushin da ka bayyana alamu ne da aka sani ga yaran da suka ga tashin hankali, kuma ana samun sauƙi da magani na zama da tattaunawa. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa.

TAMBAYA: Mu aikin gama ya gama, karyarmu Rotwaila saura mako biyu ta haihu. Ɗana mai shekara 7 ba ya zama wuri ɗaya, ba ya jin bari, komai sai ya taɓa. Me zan tanada? Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Hajiya, abu na farko ƙofa da kwaɗo. Gargaɗin baki ba ya tsare yaro irin naki, kuma ba laifinsa ba ne. Ki ware ɗaki ko shago mai ƙofar da ake kullewa, makullin yana jikin babba. Sakata kawai ba ta isa ba, zai taka kujera ya zare. Ki mayar da karyar can tun yanzu don ta saba.

A sa kafinta ya haɗa akwatin haihuwa, tsawonsa ƙafa 4, faɗinsa ƙafa 4, tsayin bangonsa ya kai ƙafa ɗaya da rabi. A ciki a kewaya shi da katako siriri da ya ɗaga kamar santimita 10 daga ƙasa, domin idan uwar ta jingina, ɗan da ke bayanta ya sami wurin fakewa. A kwanakin farko wurin 'ya'yan yana bukatar ɗumi na digiri 29 zuwa 32. Sanyin Jos, musamman da hunturu, yana kashe su cikin dare ɗaya, domin kwikwiyon da ya yi sanyi ba ya iya tsotso. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul ta wadatar. Kada a kai kaskon gawayi ɗakin da ke rufe.

Ki karɓi lambar likitan dabbobi yau, ki tambaye shi kuɗin tiyata don ki san abin da za ki ajiye. Zafin jikin karya yakan sauka zuwa wajen digiri 37 kwana guda kafin naƙuda. A kira likita idan ta yi minti 30 tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko aka wuce awa biyu tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan fari. Kada yaron ya kalli haihuwar. Jini, da cin mabiyiya da uwar ke yi, da yiwuwar ɗa ya zo ba rai, ba abin da za su ƙara masa.

Makonni uku na farko bai shiga ɗakin ba sam. Zai iya leƙe ta taga, kuma ki ba shi aikin da zai ji ana yi da shi: ki riƙa auna 'ya'yan a sikeli kullum, shi yana rubuta nauyin a littafi. Lafiyayyen kwikwiyo yana ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Daga mako na huɗu, a fitar da uwar tukuna, yaron ya zauna a ƙasa, a ɗora masa ɗaya a cinya na minti biyar, hannunki kusa. Ba ɗauka a tsaye, ba runguma, ba kai fuska. Ranar da ya tashi a birkice, a bar zaman sai gobe, ba tare da an mai da shi horo ba.

Ki koyi karanta karyar. Kafin ta yi cizo takan lashi leɓe, ta yi hamma, ta kau da kai, farin idonta ya bayyana, jikinta ya sandare, sannan gurnani. Kada a doke ta don ta yi gurnani. Wadda aka hana gurnani ita ce ke cizo ba sanarwa. Ƙananan yara an fi cizonsu a fuska da wuya saboda tsayinsu, kuma galibi karen gida ne ba na titi ba.

Maganar tsutsa ta shafi ɗanki kai tsaye. Kusan duk kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsa, yana samunta tun a mahaifa da kuma ta nono. Ƙwanta yana fita a kashi, ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa. Yaron da ya haɗiye shi ta hannu mai datti, tsutsar na iya kaiwa hanta ko ido. Don haka a kwashe kashi kullum, a ba 'ya'yan maganin tsutsa a mako na 2, 4, 6 da 8 tare da uwar, a wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa. Allurar rigakafi ta farko a mako na 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku zuwa huɗu har mako na 16, ta haukan kare kuma a wata uku. Kada masu zuwa kallo su shiga da takalmi, domin ta nan cutar amai da gudawar jini da masu kiwo ke kira fabo take shigowa, kuma tana yin watanni a ƙasa. Bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30 yana kashe ta a daɓen siminti. Maganin kaska da duk magungunan karnuka a kulle su inda yaro ba ya kaiwa.

Idan cizo ya faru, ko da ƙarzuna ce, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tashi. Yaro mai tsoron duka yana ɓoye cizo, don haka ki gaya masa tun yanzu cewa ba za a taɓa shi ba idan ya faɗa.

Bayan an yaye waɗannan, ki bar ta haka har yaron ya ƙara hankali.

TAMBAYA: Shin kuɗin kare ma halal ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Hadisi ya ba da izinin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, wani hadisin kuma ya hana cin kuɗinsa. Mashhurin zance a Malikiyya shi ne hana sayarwa, ko da yake Sahnun, ɗaya daga manyan malaman mazhabar, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa, Hanafiyya ma sun halatta. Ka zauna da malaminka kan wannan. Abin da ba saɓani a kai shi ne dabbar da ka tsare, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka.

TAMBAYA: Mun kama ɗan mijina mai shekara 11 yana tsoma kwikwiyo a duro, kuma kwanaki mun tsinci ɗaya a mace ba mu san dalili ba. Babansa ya zane shi sosai. Ya isa, ko akwai abin da za mu ƙara? Daga wata baiwar Allah a Kano.

AMSA: Baiwar Allah, kin kyauta da ba ki rufe maganar ba. Duka ba zai magance wannan ba, zai koya masa ɓoyewa ne kawai, ya kuma tabbatar masa cewa mai ƙarfi yana yin yadda ya so da marar ƙarfi.

Yau ɗin nan a raba shi da dabbobin. 'Ya'yan da suka kai mako takwas a ba da su, waɗanda ba su kai ba a mayar da su tare da uwar gidan wani amintacce. Wanda aka tsoma a ruwa a kai shi likita ko da ya yi kama da lafiyayye, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan kwana ɗaya ko biyu. A daina kiwon baki ɗaya.

Ɗan shekara uku da ya ja wutsiyar kare bai san zafi yake jawowa ba. Ɗan shekara 11 ya sani. Cutar da dabba da gangan, a ɓoye, fiye da sau ɗaya, tana cikin alamun da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa tun 1987 wajen gane matsalar ɗabi'a mai tsanani ga yara. Wannan ba ya nufin yaron mugu ne ko ya lalace. Sau da yawa yaron da ke yi wa dabba haka, shi ma akwai mai yi masa, ko yana ganin ana yi wa wani a gida, a makaranta ko a unguwa. Tambayar da za ku sa a gaba ita ce me ke faruwa da shi.

Wanda ya fi sakewa da shi, ko kawu ko kaka, ya zauna da shi su biyu, ba a gaban ƙanne ba. A tambaye shi abin da ya faru da abin da yake ji a lokacin, a kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai mai dukansa, mai tsorata shi, ko mai taɓa jikinsa ta hanyar da ba ta dace ba. A saurara, kada a katse shi. Ku rubuta ranakun da abubuwan suka faru, da duk wani abu da kuka lura: wasa da wuta, ɗauke-ɗauke, gudun makaranta, cin zalin ƙanana, rashin barci. Da wannan takarda za ku je sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ku nemi a haɗa ku da mai duba yara. Babansa ya je da kansa, domin kaso mai yawa na maganin koya wa iyaye ne yadda za su tafiyar da shi a gida. Kafin ranar ganin likita, kada a bar shi shi kaɗai da jariri ko ƙaramin yaro, haka ma kaji da maguna.