Amsa: Yadda mai hannu ɗaya ya kai babbar gasar besbol ta Amurka

Malam, ka tambaya ko da gaske ne wani mai hannu ɗaya ya taɓa wasa a babbar gasar besbol ta Amurka, wato wasan da ake jefo wa ɗan wasa ƙwallo ya buge ta da sanda. Gaskiya ne, sunansa Pete Gray, wanda aka haifa a garin Nanticoke na jihar Pennsylvania a 1915, kuma hannunsa na dama ya salwanta a wani hatsari tun yana yaro.

A Janairun 1942 Shugaban Amurka Roosevelt ya rubuta wasiƙa yana goyon bayan a ci gaba da gasar duk da Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai ɗaruruwan ƴan wasa sun tafi soja, wanda hakan ya buɗe wa irin su Gray ƙofa. Amma ba tausayi ne ya kai shi ba, domin a 1944, yana ƙungiyar Memphis Chicks, shi aka zaɓa gwarzon gasar Southern Association, ɗaya daga cikin ƙananan gasanni. A 1945 ya buga wa ƙungiyar St. Louis Browns wasanni 77 a babbar gasar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake cafe ƙwallo: zai kama ta da safar hannu, ya cusa safar a hammatar dungunsa, ƙwallon ta gangaro cikin hannunsa, ya jefa ta nan take. Matsalarsa wajen bugu ita ce ƙwallon da ke lanƙwasa a iska, domin da zarar ya fara kaɗa sanda da hannu ɗaya, ba ya iya tsayar da ita ya gyara bugu.

Da sojoji suka dawo, ya koma ƙananan gasanni. Ya rasu a Nanticoke a 2002.