Ƙarfin Gwiwar da Nake Samu a Gasar Waƙa, Me Ya Sa Ba Ya Kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce. A gaban yara ba ni da matsala, amma a taron malamai ko na iyaye sai bakina ya mutu. Idan na kalli gasar waƙa a talabijin, na ga wani ya fito yana kyarma ya rera har alƙalai suka miƙe tsaye, sai hawaye ya zo mini, in ce gobe ni ma zan yi magana. Gari na wayewa shi ke nan. Yaudarar kaina nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba yaudara ba ce. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana tun 1977 cewa ganin wani mai kama da ke ya yi nasara na daga cikin abubuwan da ke sa mutum ya yarda zai iya. Sai dai ya ce abin da ya fi shi ƙarfi shi ne mutum ya gwada da kansa ya ga ya yi. Kallo kaɗai wutar kara ce, yanzu ta tashi yanzu ta mutu.

Ɗauki Susan Boyle, 'yar wani ƙauye a Scotland. Tana da shekara 47 ta hau dandalin Britain's Got Talent, wata gasar nuna baiwa a talabijin na Birtaniya, a 2009, 'yan kallo suna yatsina fuska, wasu na dariya. Tana buɗe baki zauren ya ɗauki tafi. Abin da duniya ta gani ke nan, 'yan mintoci. Ba a nuna shekarun da ta yi tana rerawa a cocin garinsu ba, da darasin murya da ta ɗauka, ga jinyar mahaifiyarta har ta rasu a 2007. Kuma ba ita ta lashe gasar ba, ta biyu ta zo, bayan wata ƙungiyar 'yan rawa mai suna Diversity. Washegarin zagayen ƙarshe na gasar aka kwantar da ita a wani asibiti a Landan saboda gajiya da matsin da ta shiga. Wato har ita tsoron bai sake ta ba.

Masu shirin ma sana'arsu suke yi. Suna tace bidiyo, su sa kiɗa mai sosa rai daidai inda suke son ki yi kuka. Ban ga laifinsu ba, amma kada ki auna kanki da abin da aka tace.

Ga shawarata. Daren da kika ji wannan zumuɗin, kafin ki kwanta ki rubuta jimla biyu da za ki faɗa a taro na gaba. Ki karanta su da ƙarfi a ɗaki, sannan a gaban abokiyar aiki guda da kika amince da ita. Ranar taro ki ɗaga hannu da wuri, don zaman jira shi ke hura fargaba. Bugun zuciya da bushewar baki aikin sinadarin adiranalin ne, su ma mawaƙan haka suke ji a bayan labule. Ki ja numfashi ta hanci, ki sauke a hankali, saukewar ta fi jan numfashin tsawo. Ko muryarki ta yi rawa, ki kai ƙarshen jimlar.

Idan kuwa abin ya kai kina ƙin zuwa taron ko yana hana ki barci, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, domin irin wannan tsoron shiga jama'a yana da magani.